Ƙafafun bindigar gwada saiti

A faƙon bayan garinmu, wajen Ringim, inda masu lasisi ke gwada saiti da bindigar iska bayan an kwashe amfanin gona, na lura sau da yawa kuskuren harbi daga ƙafafu biyun da ake ɗora bindiga a kansu yake fitowa. Mai harbi a kwance kan tabarma, ƙafa mai tsawon inci 6 zuwa 9, irin ta kamfanin Harris, ta ishe shi. Mai inci 9 zuwa 13 kuwa sai inda kututturen dawa ke tare gani.

Wurin ɗaurawa shi ne babban al'amari. Ana ɗaura ƙafar a katakon gaban bindiga, ko a ƙusar maratayi, wato inda ake maƙala igiyar rataya bindiga, ko a layin ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny, ba a bututu ba, domin abin da ya danne bututu yana sauya inda harsashi zai sauka. A ganina, ƙafar da ke barin bindiga ta karkata gefe ta fi dacewa da mu, tunda kunyoyin gona ba sa barin ƙasa ta daidaita, kuma rairayi kan haɗiye ƙafa ɗaya. Bindiga mai sifirin kuwa, girgizarta ba ta jituwa da ƙafa, gara a ɗora ta a tafin hannu.