Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yaran Fujian a Makarantun Brooklyn

A kashin makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na kammala darussan aji na digirin digirgir a birnin New York, sashenmu na nazarin ilimi ya buƙaci kowane ɗalibi ya gabatar da batun da zai yi bincike a kansa. Niyyar da na baro gida da ita ita ce in yi nazarin karatun 'ya'yan mutanen Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx, inda Hausawa da Zabarmawa da Fulani suke da masallatai da shaguna, kuma da na bi wannan hanya da aikin ya zo mini da sauƙi. Abin da ya karkatar da ni shi ne sharaɗin tallafin karatuna, wanda ya wajabta mini taimaka wa wata farfesa wajen tattara bayanai a makarantun firamare na unguwar Sunset Park da ke Brooklyn, a shekarar 2010.

Malaman ajin share fage na waɗannan makarantu suna da wani ƙorafi da suke maimaitawa duk watan Satumba. Akan kawo musu yara 'yan shekara biyar, kowanne da fasfon Amurka da takardar haihuwa ta wani asibitin New York, amma yaron bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, kuma idan aka tashi makaranta, matar da ta zo ɗaukarsa ta miƙo hannu, sai ya noƙe ya ƙi zuwa. Matar kuwa ita ta haife shi. An kai shi wurin kakanninsa a lardin Fujian na ƙasar Sin yana da 'yan watanni a duniya, aka dawo da shi ana gab da buɗe makaranta. Malamai suna ɗaukar lamarin a matsayin matsalar harshe ko ta tarbiyya. Ni kuwa na taso a inda ba da riƙon yaro ga kaka ko goggo ba abin mamaki ba ne, amma a wurinmu sai an yaye ake ba da riƙo, don haka abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da zai sa uwa ta rabu da jaririn da ko zama bai fara ba.

Dalilin bashi ne. Yawancin iyalan sun fito daga garuruwan da ke kewaye da birnin Fuzhou, irin su Changle da Lianjiang da Tingjiang, kuma tun cikin shekarun 1980 mutanen yankin suke shiga Amurka ta hannun masu fasa-ƙwaurin mutane. Kuɗin tafiyar ya kai kimanin dala 30,000 a lokacin da jirgin ruwan Golden Venture ya kafe a gaɓar Rockaway da ke Queens, ranar 6 ga Yuni, 1993, ɗauke da mutum 286, goma daga cikinsu suka rasa rayukansu a ƙoƙarin isa tudu. Jirgin ya taso ne daga Tailan, ya biyo ta gaɓar Kenya ya kwashi wasu da suka maƙale a Mombasa, sannan ya kewayo kudancin Afirka. Matar da ta fi yin suna a wannan sana'a, Cheng Chui Ping, wadda aka fi sani da Sister Ping, tana da shago a titin East Broadway, kuma an yanke mata hukuncin ɗaurin shekara 35 a 2006, ta mutu a kurkuku a 2014. Kama ta bai sa farashi ya sauka ba. Iyalan da na zanta da su suna ambaton dala 60,000 zuwa 80,000 a kan mutum guda.

Wani abu da mutanen waje ba su cika fahimta ba shi ne, ba mai fasa-ƙwaurin ake ci gaba da biya ba. Da zarar mutum ya sauka, dangi sukan haɗa kuɗin su sallame shi cikin 'yan kwanaki, daga nan bashin ya koma na kawu da baffa da maƙwabta da masu ba da rance da ruwa a ƙauye. Wanda ya ƙi biyan irin wannan bashi ya zubar da mutuncin gidansu ne gaba ɗaya, saboda haka babu wanda yake tunanin ƙin biya. Hanyar biyan kuwa kusan guda ce: gidajen abincin Sinawa da suka bazu a ƙananan garuruwan Amurka. Akwai ofisoshin dillalan aiki a gindin gadar Manhattan, inda akan rubuta wa mutum albashin wata, da lambar wayar yankin da za shi, da yawan awannin da bas zai yi kafin ya kai shi. Da yawa daga cikin masu girki da masu wanke-wanke da na sani ba su san sunan garin da suke aiki ba, lambar yankin kawai suka riƙe. Suna aiki awa goma sha biyu a rana, kwana shida a mako, suna kwana a gidan da mai gidan abincin ya kama wa ma'aikata. Miji yana Ohio, mata tana hidimar tebur a wata jihar ko tana shagon gyaran farce, kuɗin reno ya fi ƙarfinsu, tallafin gwamnati kuma suna tsoron nemansa ko da yaron ya cancanta. A irin wannan hali, biyan wani matafiyi ya kai jariri Fuzhou shi ne lissafin da ya fi fita.

Dokar Amurka, a rubuce, tana bayan waɗannan yara. Wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne bisa gyara na 14 na kundin tsarin mulki, kuma shari'ar da ta tabbatar da hakan ga 'ya'yan baƙi a 1898 ta wani Basine ce, Wong Kim Ark, a zamanin da dokar 1882 ta hana ma'aikata Sinawa shiga ƙasar. Shi ma yaron da ba shi da takarda yana da haƙƙin karatu kyauta. A 1975 jihar Texas ta yi dokar janye kuɗin karatun 'ya'yan baƙin haure, hukumar makarantun garin Tyler ta fara neman dala 1,000 a kan kowane yaro, sai Kotun Ƙoli ta soke wannan a shari'ar Plyler da Doe ta 1982, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Tun daga nan makarantar gwamnati ba ta da hurumin korar yaro saboda rashin izinin zama. Hujjar da na gina kundina a kanta ita ce, wannan hukunci ya buɗe wa yaro ƙofar aji, amma bai taɓa abubuwan da suke yanke makomar karatunsa ba, wato bashin iyayensa, da awannin aikinsu, da tsoron da suke yi wa duk wata takarda da ake cikewa.

Tsoron takarda shi ne ya fara yi wa binciken kansa tarnaƙi. Ƙa'idar jami'a ita ce duk wanda za a yi hira da shi ya sa hannu a fom na amincewa, kuma mutumin da ba shi da izinin zama ba zai rubuta sunansa a takardar baƙo ba. Na shafe watanni ina kai da komo da kwamitin ɗa'ar bincike kafin a yarda in karɓi amincewa da baki, in sauya sunaye tun a littafin rubutuna, in kuma goge muryoyin da na naɗa da zarar an rubuce su. Sai matsalar harshe. Na koyi Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, gwargwadon gaisuwa da ciniki, amma iyayen da yawa harshen Fuzhou suke yi a gida, wanda mai jin Mandarin ba ya fahimtarsa, don haka na dogara da wata ɗaliba 'yar asalin yankin a matsayin tafinta. Ta bakinta na ji mafi yawan abin da na sani, kuma har yau ina ganin tsarin jami'o'i da ke tura sunan tafinta zuwa shafin godiya bai yi adalci ba.

Kasancewata baƙar fata daga Najeriya ya jawo mini kallo a Eighth Avenue, babban titin Sinawa na Sunset Park, amma ya yi mini rana ta wata fuskar, domin babu wanda ya zaci ni jami'in shige da fice ne. Da iyayen suka ji cewa ni ma da bizar ɗalibi nake zaune, kuma ina aika kuɗi gida duk wata, sai bakinsu ya buɗe. Wata uwa da ta dawo da ɗanta bayan shekara biyar ta taɓa ce mini: "Malam, kullum ina ganinsa a kwamfuta yana girma, shi kuma ya ɗauka ni wata ce da ke zaune a cikin kwamfutar. Yanzu ga shi a gabana, idan ya yi mafarki kakarsa yake kira." Malamar ajinsa ta rubuta a rahoto cewa yaron yana cizo kuma ba ya sauraro, ta ba da shawarar a gwada shi ko yana da naƙasa. Babu inda rahoton ya ambaci cewa a cikin wata guda ya rabu da mutanen da suka rene shi, ya sauya ƙasa da harshe da abinci, ya koma ɗaki guda da aka raba da katako a gidan haya.

Haka abin yake tafiya a sauran matakai. Makaranta takan kira taron iyaye da yammacin ranar aiki, lokacin da uban yake nisan awa goma a mota, sai a rubuta cewa iyayen ba su damu ba. Akan kawo tafinta mai Mandarin ko Kantonis, wani harshen kudancin Sin, ga kakar da harshen Fuzhou kawai take ji. Fom ɗin abincin rana ko na inshorar lafiya yakan kwana a jakar yaro saboda an ga gurbin rubuta albashi da wurin aiki. Sannan akwai zaton da ya yi kaka-gida a Amurka cewa yaran Asiya duk haziƙai ne da ba sa buƙatar taimako, zaton da yawan Sinawa a makarantun sakandaren da sai an ci jarrabawa ake shiga, irin su Stuyvesant da Brooklyn Tech, yake ƙarfafawa. Gaskiya ne cewa wasu 'ya'yan masu wanke-wanke suna cin jarrabawar shiga waɗannan makarantu, kuma iyayensu suna matse bakin aljihu su biya kuɗin darasin ƙarshen mako. Sai dai nasarar waɗannan tana rufe ɗimbin waɗanda ba a ganinsu, musamman samarin da suka shigo suna da shekara 16 ko 17 ɗauke da nasu bashin, suka yi rajista a sakandare, suka yi zango ɗaya ko biyu, sannan suka hau bas zuwa kicin.

Ina tsakiyar tattara bayanai gwamnatin Obama ta sanar da shirin DACA ranar 15 ga Yuni, 2012, wanda ya dakatar da tasa ƙeyar matasan da aka shigo da su kafin su cika shekara 16, ya kuma ba su izinin aiki na shekara biyu. Na yi tsammanin matasan da na sani za su yi rububi, amma kaɗan ne suka nema, kuma binciken wasu ya nuna cewa Sinawa suna cikin waɗanda suka fi ƙarancin nema. Shirin ya buƙaci mutum ya kasance a makaranta ko ya kammala sakandare, su kuwa sun bari. Ya buƙaci shaidar zama a ƙasar tun Yunin 2007, su kuwa da tsabar kuɗi ake biyansu, babu rasit, babu yarjejeniyar haya. Kuɗin nema a lokacin dala 465 ne, kuma an fi yaɗa bayanin da Sifaniyanci. Bayan duk wannan akwai fargabar cewa wanda ya miƙa adireshinsa ya tona asirin iyayensa. Babi mafi tsawo a kundina a kan wannan ya tsaya.

Na kare kundin a 2014, na samu aikin koyarwa a wata jami'ar gwamnati, inda nake koyar da malaman makaranta masu neman digiri na biyu. Fagen bai da sauƙi. Masu tantance maƙalu sukan yi ƙorafin cewa iyalan da na nazarta ba su da yawa, alhali al'ummar da ke ɓoye kanta ba ta ƙirguwa yadda suke so. Masu ba da kuɗin bincike kuma sun saba haɗa batun baƙin haure da mutanen Meziko da Amurka ta Tsakiya kawai. A wurin taruka an sha tambayata abin da ya kai ɗan Najeriya ga Sinawa, tambayar da ban taɓa jin an yi wa Baturen da ke nazarin Afirka ba. Abin da ya fi gamsar da ni a aikin ƙanana ne: makarantar da ta ƙara tambaya a fom ɗin shiga game da wanda ya reni yaro da inda ya zauna, ko wadda ta mayar da taron iyaye ranar Litinin, ranar hutun ma'aikatan gidajen abinci da dama. A 2019 jihar New York ta yi dokar da ta bai wa ɗalibai marasa takarda damar neman tallafin jami'a na jiha, ko da yake na gwamnatin tarayya yana nan a rufe gare su.

A 2023 lamarin ya ɗauki sabon salo, domin Sinawa fiye da 30,000 sun tsallaka iyakar kudancin Amurka a shekarar, yawancinsu sun sauka a Ikwado suka ratsa dajin Darien da ke tsakanin Kolombiya da Panama. Waɗannan ba 'yan Fujian kaɗai ba ne, sun fito daga larduna daban-daban, wasu da 'ya'yansu a hannu, kuma makarantun unguwar Flushing da ke Queens da na Sunset Park suka fara karɓar yaran da suka yi wannan tafiya da ƙafarsu. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda na koma tattara bayanai a tsakaninsu, da yadda sauyin siyasar Amurka ya tilasta mini sake tsara hanyar adana sirrin waɗanda suke magana da ni.