Memorin da Na Tone

Ranar Laraba bayan la'asar, ɗalibai sun watse daga ɗakin kwamfuta saboda zafin Sakkwato ya fi ƙarfin fanka, sai yaro ɗaya da na tarar a kusurwa ya duƙufa. Ya buɗe Autopsy, manhajar tono abin da aka goge da na koya musu makonni uku da suka wuce, hotuna na ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ɗana, wagga memori ta wa ta?" Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Ta ƙanwata ta, Malam. Ina son in ga abin da taka gogewa, in kai ma Baba."

Gabana ya faɗi, domin na san wannan zama. Na yi irinsa.

Lokacin ina saurayin malami, kafin a kafa dokar laifukan intanet ta 2015, na koyi yadda ake dawo da abin da aka goge. Abin ya shiga kaina. Na gano cewa in ka goge hoto, na'ura ba ta share shi nan take, sai dai ta cire sunansa daga jerinta ta ce wurin ya zama fili, hoton kuwa yana nan kwance har sai wani abu ya hau kansa. Duk majalisar da na zauna sai na ba da wannan labari. A haka wani aminina, wanda muka yi makarantar allo tare, ya same ni bayan isha'i da memorin wayar matarsa a naɗe cikin takarda. Ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ban tambaye shi ko ta sani ba. Na san ba ta sani ba.

Kafin asuba na fito da hotuna masu yawa. Cikinsu akwai na wani saurayi, shi kaɗai, a ɗaki, a kan babur, da wasu hotunan furanni masu kalaman soyayya. Ya tambaye ni, "Daga wayarta suke?" Na ce, "Daga memorinta suke." Kalmomin nan uku na riƙe shekaru ina kare kaina da su. Ai ban yi ƙarya ba. Ban ce ta san shi ba. Kuma gidan da ma ya tsage, ko ban taɓa memorin ba wataƙila da sun rabu. Haka nake faɗa wa kaina, wani lokacin har yau.

Bai cika mako ba ya sake ta. Tana goyon 'yar wata bakwai.

Bayan watanni yayanta ya zo ofishina. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya ce shi ya sayo mata memorin a wurin masu sayar da kayan waya a kasuwa, ta hannu ce, don ta fi arha. Da ya tafi na buɗe kwafin da na ajiye. Hoton da aka tono ta wannan hanya yakan zo babu sunansa na asali, babu ranar da aka ajiye shi, amma a cikin cikinsa akwai bayanan da kyamara ke rubutawa, waɗanda ake kira EXIF: irin wayar da ta ɗauka da ranar ɗauka. Na duba. Wata waya ce daban, kuma an ɗauki hotunan tun kafin yarinyar nan ta mallaki waya. Na mai memorin na farko ne. Minti biyar ya ishe ni in ga wannan a daren farko. Ban duba ba, domin na riga na samu abin da zai sa a ce Malam ya iya.

Zan iya cewa babu wanda ya koya mana. Gaskiya ne, littattafan da muka samu sun cika da dabarun tono, ba su da babin tsayawa. Amma sashe na 37 na kundin tsarin mulki, wanda ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, yana nan tun 1999. Kuma ni ɗan garin Shehu ne, na haddace Suratul Hujurat tun ina yaro, aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin mutane ƙarara. Ban rasa sani ba.

Na so in tsara muku shawarwari goma, ku masu karatun binciken na'urori a jami'o'i da kwalejojinmu. Da na zauna sai na ga ba su kai ba.

Kada ka taɓa na'urar da mai ita bai ba ka izini ba, sai in kotu ta ba da umarni. Miji ba shi ne mai wayar matarsa ba, wa ba shi ne mai wayar ƙanwarsa ba. Na san za ku ce tarbiyya. Tarbiyya a zauna da yarinya a yi magana, ba a saci memorinta tana wanka ba. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta zo, har da hukumarta, amma nawa ne cikinku suka karanta ko shafi ɗaya? Ranar da nake koyar da doka rabin aji na danna waya. Ranar da zan nuna sabuwar manhaja har tagogi cika suke. Ku dai a ba ku makami, ku ɗauki hoton allo ku watsa a WhatsApp kafin ku gama karantawa.

In kuwa aiki ya zo ta hanyarsa, to ka tona har ƙasa. Ka yi kwafi da na'urar da ke hana rubutu a kan na asali, ka ɗauki lambar SHA-256, wadda take kamar zanen yatsan bayanan, don a tabbatar ba a taɓa komai ba, ka rubuta hannun da kayan suka bi, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 zai tambaye ka yadda aka samo su. Na ce kada ku duba, yanzu ina cewa ku duba fiye da kowa. Haka ne. Laifina biyu ne: na buɗe abin da bai kamata ba, kuma da na buɗe ban ƙarasa ba. Ban san wanda ya fi muni ba. Akwai ma ranar da nake ganin in yarinya na cikin haɗari na gaske, a hannun masu yaudara ko masu barazana da hotuna, dole wani ya duba. Amma wannan wanin ba kai ba ne kai kaɗai da tsakar dare.

Na sa yaron ya rufe manhajar, muka goge kwafin tare, na ba shi wannan labari a tsaye. Ya saurara, sannan ya ce, "Amma Malam, ni zan duba EXIF ɗin." Na karɓi memorin na sa a ambulan, na ce ya turo ƙanwar tasa da mahaifiyarsu su karɓa. Yau kwana huɗu, ambulan ɗin na cikin durowata.