Ashe tagogin sun daɗe suna magana

Shekara uku ina ɗora wa fenti laifi. Duk lokacin da aka yi ruwa, bangon da ke ƙasan tagar ɗakina sai ya kumbura ya ɓare, ni kuma in sake shafawa. Jiya kafinta ya zo, bai ce komai ba, ya danna sukudireba a jikin katakon firam ɗin, ta shige kamar a cikin soso. Ya ce, "Maigida, ai wannan ya ruɓe tun tuni."

Sannan ya kunna kyandir ya bi gefen tagar da shi alhali tana rufe. Harshen wutar ya dinga rawa, iska ce ke kutsowa, ita ke kawo ƙurar da muke sharewa kullum. Ta falo kuwa, mai gilashi ninki biyu, hazon da nake gogewa ya ƙi fita ashe a tsakanin gilasan yake, wato robar da ta like su ta mutu.

Ta kicin kaɗai ta tsira, sakata kawai za a sauya mata. Har na ji kunya wallahi, don waccan ta ɗaki da kafaɗa nake buɗe ta tun bara.