Asabar, ranar suna

Tun da sassafe gida ya cika. Waina, kunun gyaɗa, yara na guje-guje har zaure. Raina fes, don rabon da mu haɗu haka tun babbar sallah.

Sai kyanwata Tabawa ta yakushi autan Yaya. Layi biyu ne a bayan hannu, kuma shi ya bi ta ƙarƙashin gado ya ja mata jela. Amma Goggo ta tasa ni gaba: "Ke 'yar nan, daka rabin Piriton ki zuba mata a madara ta yi barci mu huta. Magen nan taki ta fiye masifa."

Ban yi musu ba, abin da ke cina ke nan. Na je na buɗe durowar Inna, babu Piriton sai maganin mura. Har na ɓallo ƙwaya ɗaya, Allah ya sa na juya kwalin: da farasitamol a ciki. Gabana ya yanke ya faɗi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya ta isa ta aika ta lahira.

Na laɓe a bayan ɗaki na kira likitan da ya yi mata allura bara. Ya ce, "Malama, Piriton na ƙaiƙayi ne da atishawa, barcin nan biyo baya yake yi. Ko ya kwantar da ita, tsoron na nan daram, ƙarfin gudu kawai kika ƙwace mata." Wai wasu kyanwoyin ma birkicewa suke yi maimakon su lafa, ga ɗaci da ke sa bakinsu kumfa. In tafiya ce ko zuwa asibiti, akwai maganin kwantar mata da hankali, gabapentin, shi ma sai an auna nauyinta. Na yau kuwa, in kai ta ɗaki ita kaɗai, da ruwa, da yashi, da kwalin da za ta shige, in ja ƙofa.

Na faɗa wa Goggo. Ta tafa hannu: "Ikon Allah, likitan mage! Ku ma da kuna jarirai in kun hana mu runtsawa ai shi muke ɗura muku, ga ku nan kun zama mutane." Tsakar gida ta kaure da dariya. Ni ma na yi.

An watse bayan magariba. Wanke-wanke. Bayana kamar ya tsage.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, maganar ta ƙi barina. Kukan me nake yi a lokacin? Ciwon ciki ne, ko tsoro? Na so in tambayi Inna, na ga ta gaji, na fasa.

Tabawa ta fito ta ci kan kifi, ta koma kwalinta, ko kallona ba ta yi ba. Sai da zan cire riga na ji ƙwayar nan a aljihu.