Yadda muka tare ruwa a gonar gado da dabarun tsofaffi

Gonar da muka gada tana ƙasar Giwa, a kan tudu mai ɗan gangare da ke sauka zuwa fadama. Samanta jigawa ce, tsakiya jangargari, can ƙasa kuma laka. Lokacin da riƙonta ya dawo hannuna, kwazazzabo ya riga ya fara cinta daga kusurwar kudu, zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum, kuma kowace damina sai ya ƙara matsowa sama. Tudun kansa ya soma zama faƙo, ko ciyawa ba ta fitowa da kirki. Muna zuba kamfa da yuriya, masara na yin kore na ɗan lokaci, a kaka kuma buhunan ba sa biyan kuɗin takin.

Ƙasar Zariya ba ta rasa ruwa. A shekara ana samun kusan milimita 1,000, amma yawancinsa yana zuba ne tsakanin Mayu da Satumba, kuma na Agusta kan sauko da ƙarfi. Ƙasarmu tana da wani hali: idan manyan ɗigo suka dake ta tsirara, sai samanta ya yi ɓawo, ruwa ya kasa shiga, ya kama hanyar gangare ɗauke da ƙasa mai kyau da takin da aka saya da tsada. Wanda ya tsaya bakin fadama bayan an ɗauke ruwa zai ga jan ruwa yana kwarara, kuma wannan jan gonar wani ce.

Ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi noman gandu a wannan gonar tun yana saurayi, shi na ɗauko. Na so mu fara da cike ramin, har na yi cinikin tifar dutse.

"Kawu, ina ganin idan muka toshe bakin nan an gama."

"Ɗana, ramin nan ba shi ya jawo ruwan ba. Bari a yi ruwa mu hau sama mu ga ta inda yake taruwa."

Haka muka yi. Da aka kece da ruwan farko mai ƙarfi, muka shiga gonar da buhu a ka da turaku a hannu. Yana tafe yana duban ƙasa, duk inda ruwa ya haɗu ya fara gudu sai ya kafa turke, inda ya kwanta kuma ya ja layi da dunduniya. Kafin a ɗauke ruwan mun ga abin da ido ba ya gani da rani: kunyoyin da tarakta ke yi mana duk shekara sun miƙe ne daga tudu zuwa kwari, kowane kwarin kunya ya zama magudana, kuma dukkansu suna zubawa wuri guda. Direban tarakta ba mugunta yake yi ba, layi mai tsawo ya fi masa sauƙin juyawa, kuma da yawan fili ake biyansa.

Aikin farko shi ne juya kunya ta gicciye gangaren. Da shanun huɗa muka yi, don garmar shanu tana bin lanƙwasar turakun da Kawu ya kafa. Ba a yinta a kwance ɗam, ana barin ɗan zubi kaɗan zuwa gefe guda, domin idan ruwa ya cika kwari bai sami mafita ba, zai fasa kunya ɗaya, ita kuma ta fasa ta ƙasa da ita, ɓarnar ta fi ta da. Sannan a cikin kowane kwari, bayan taku uku ko huɗu, muka riƙa jan ƙasa da fartanya muna yin ƙaramin datsi. Tsawon datsin bai kai na kunyar ba, rabi ne ko sama da haka kaɗan, saboda idan ruwa ya yi yawa ya tsallake datsin ya bi kwari maimakon ya haye kunya. Bayan ruwa sai ka ga gonar cike da ƙananan tafkuna, zuwa hantsi duk ƙasa ta shanye. A ƙarshen Yuni, lokacin da ruwa kan ɗauke na kwanaki, dawar maƙwabta ta fara naɗe ganye, tamu tana tsaye.

Wannan datsin yana da lokacinsa. A jigawa mun bar shi har kaka. A ɓangaren laka kuwa, da Agusta ya kama sai muka bi muka farfasa, don masara da gyaɗa ba sa son tsayuwar ruwa a gindinsu, nan da nan za su yi ɗorawa-ɗorawa.

Abu na biyu gamba ce. Tsofaffin gonakin nan duk da ita ake iyaka, ita da jema a bakin fadama, kuma mutane suna ɗauka don shaidar iyaka kawai aka dasa su. Mun tono gindin gamba daga bakin rafi, muka rarraba, muka dasa layi-layi a tsakiyar damina, kusa da juna yadda saiwa za ta haɗe. A damina ta biyu na durƙusa bayan layin na tura yatsa: ƙasa mai laushi, baƙa-baƙa, ta taru a gefen sama har ta fi gefen ƙasa tudu, ga ganyaye da kashin awaki da ruwa ya kwaso sun maƙale a gindin ciyawar. Da kaka kuma mun yanka ta an saƙa zana. Gaskiya tana cin fili, kuma ɓeraye na son ta, amma filin da take ci bai kai wanda ramin ke haɗiyewa ba.

Sai da muka gama da sama muka dawo kan kwazazzabon. Tifar dutsen ba ta zama dole ba. Turaku muka kafa a jere a cikinsa, muka saƙa karan dawa da ƙaya, muka jera marmara a bakin da yake ci, muka dasa jema a gefe. Ruwan da ke isowa yanzu ya rage ƙarfi, yana ajiye yashi bayan kowane shinge.

Na sha tambayar kaina yadda aka yi waɗannan abubuwa suka ɓace cikin ƙarni guda. Ba a ce masana ba su san da su ba. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma binciken da masanin tattalin arzikin noma David Norman ya yi a ƙauyukan Zariya a shekarun 1960 ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, abin da ake yi wa kallon rashin wayewa, ya fi ba manomi amfani da kwanciyar hankali. Gicci, wato jera hatsi a layuka masu tazara da suka ratsa kunyoyin gyaɗa ko wake, yana rufe ƙasa tun daga shuka har girbi. Amma daga 1975 shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo, lokacin Funtuwa tana cikin jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta koma jihar Kaduna, a 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, takin zamani ya yi araha, masara ta mamaye tudu. Wanda zai sami buhun takin sufa a banza-banza, me zai sa ya yi ta jigilar juji da jaki da mangala? A ganina ba wauta suka yi ba, lissafin lokacinsu ne. Farashin ne ya juya, ƙasar kuma ta riga ta rame.

Wajen taki ne na ga iyakar abin da mutum ɗaya zai iya maidowa. A da, bayan girbi Fulani ke sauka a gona, shanu su ci kara su kwana, ana matsar da turakunsu bayan 'yan kwanaki har taki ya game fili, mai gona ya ba da damin dawa. Wannan ya dogara ne da amana, kuma rashin tsaron da ya addabi Giwa da Birnin Gwari ya girgiza ta. Ga shi kara da harawa sun zama kuɗi, kowa kwashewa yake yi. Mun samu wani Ardo da suka daɗe da sanin juna da Kawu ya sauke mana garke na ɗan lokaci a kan faƙon, sauran muka cike da toka da takin awaki na gida. Jujin gari ma mun gwada, sai dai na yanzu sai an zauna an tsince leda da fasassun kwalabe da batir kafin ya shiga gona.

Itatuwa ba mu dasa ko ɗaya ba. Kututturan da ke tohowa duk shekara ana sassabe su, mun zaɓi masu ƙarfi muka bar reshe ɗaya ko biyu, irin yadda manoman Maraɗi suka farfaɗo da gonakinsu tun shekarun 1980. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya fi yawa ta wajen Kano da Katsina. Mu nan ɗorawa da kaɗanya ne, kuma inuwarsu tana rage hatsin da ke ƙarƙashi, don haka sai an sassaƙe rassan ƙasa.

Abin da ya fi tsada a duk aikin shi ne hannu. Gandun da ya yi shi a zamanin Kawu mutum goma ne ƙarƙashin uba ɗaya, ga gayya idan aiki ya yi yawa. Ni 'yan ƙwadago nake biya, kuma datsi aiki ne da ba su saba ba, sai ka tsaya a kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun cikin Afrilu nake kama mai shanun huɗa in ba shi kafin alƙalami. Bana maƙwabcina na sama ya yarda mu haɗa layin gamba ɗaya a kan iyakarmu, domin rabin ruwan da ke shigo mini daga gonarsa yake fitowa, shi kuma har yanzu tarakta ke yi masa kunya a miƙe.