Inna da jatan lande

Yau da yamma na kai Inna gidan cin kifi a bakin kogin Binuwai, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Aka kawo mana gasasshen giwan ruwa na tafkin Lagdo, da jatan lande da ya taso tun daga Kribi, garin bakin teku, cikin ƙanƙara. Inna ta ƙare masa kallo, ta ture farantin: "Ɗan nan, ƙwari ka biya wa kuɗi?" Ita da ba ta wasa da soyayyar fara! Na ɓare mata guda, na dangwala yaji. Ta tauna a hankali, ba ta ce uffan ba, sai ta jawo farantin gabanta. Ɓawo kawai ta bar mini.

Har muka dawo gida ina lissafin abincin da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, don babu wanda ya taɓa ajiye mata.