Kilash a ɗaki ko bango mai kauri?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF (rundunar kai ɗaukin gaggawa) ranar 15 ga Afrilu 2023, gardama ɗaya ta ƙi ƙarewa a majalisun Hausawa, daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala. Wasu na cewa bai kamata magidanci ya kwana babu kilash, wato bindigar Kalashnikov, a ɗaki ba, suna kafa hujja da rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a garuruwan Rusaris da Wad al-Mahi a 2022. Wasu kuwa ko ganin bakin bindiga ba sa so. Ina bayan masu tsoron, muddin sun haɗa tsoron da sani.

Harsashin kilash yana huda ƙofar kwano, da ƙofar mota, da bulo mai rami. Na doshka, babbar bindigar da ake ɗorawa a bayan mota, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ke tare na kilash shi ne katangar ƙasa mai kauri, ko buhunan yashi da kaurinsu ya kai rabin mita. Saboda haka idan harbi ya tashi, a kwanta rub da ciki a ɗakin da bango biyu suka raba shi da titi, nesa da taga. Leƙe ta saman katanga ya ci mutane da yawa. Kwanan tsakar gida a lokacin zafi ma a haƙura da shi, domin harsashin da aka harba sama sai ya dawo ƙasa, kuma rufin kwano ba ya tare shi.

Wanda ya nace sai ya ajiye bindiga ya san cewa cire gidan harsashi ba ya nufin ta zama fanko. Sau da yawa guda ɗaya na nan a ciki, kuma shi ne ke tashi a hannun yaro ko wajen goge ta. Ga kuma shingen bincike: duk wanda aka kama da makami, ɗan yaƙi za a ɗauke shi, ba mai tsaron iyali ba.

Masu komawa Khartum da Omdurman tun bayan da sojoji suka ƙwato Khartum a Maris 2025 suna da wani haɗarin daban, wato dana (harsashin igwa) da gurnetin da suka faɗi ba su fashe ba. Kada a taɓa, kada a jefe su, kada a ƙona shara kusa da su. A yi wa wurin alama, a janye yara, a sanar da hukuma. Yara masu tsintar ƙarfe don sayarwa su ne suka fi ba ni tsoro.

Idan harsashi ya sami mutum, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ba ɗagawa ana dubawa. In a hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa, a ɗaure tamau da ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a sama da raunin, ban da kan gaɓa, a rubuta lokacin da aka ɗaure don likita ya gani.